Gwaninta da Sakamako: Inda Alƙaluman Zamani Suke Rabuwa da Allon Maki a Fantasin Besbol

A kakar wasa ta 2018, a ganin yawancin masana, babu mai jifa a babbar gasar besbol ta Amurka da ya kai Jacob deGrom na ƙungiyar New York Mets. Ya yi jifa na zango 217 (zango ɗaya yana ƙarewa ne idan an fitar da masu bugu uku), ya sallami masu bugu 269 da jifansa kaɗai, kuma idan aka auna makin da aka ci a kansa bisa tsawon cikakken wasa, wato zango tara, bai wuce 1.70 ba, alhali matsakaicin gasar ya haura 4. An ba shi kyautar Cy Young, wadda ake ba gwarzon masu jifa. Amma a rukunin nasara 10 kawai aka rubuta masa, da faɗuwa 9, domin a yawancin ranakun da yake jifa abokan wasansa ba su ci makin kirki ba. Wanda ya mallaki deGrom a gasar fantasi ya kwashi riba a rukuni uku, amma a rukunin nasara bai sami fiye da abin da mai jifa na tsaka-tsaki ke kawowa ba. Wannan tazara, tsakanin abin da ɗan wasa ya iya da abin da aka rubuta masa a allo, ita ce muhawarar da ta fi kowace daɗewa tsakanin masu fantasin besbol.

Ga wanda bai saba da wasan ba, tsarinsa a taƙaice shi ne: mai jifa yana jefo ƙwallo, mai bugu yana neman dukanta da sanda, sannan ya ruga ya zagaye tashoshi huɗu, kuma duk wanda ya kammala zagayen ya dawo gida ya ci wa ƙungiyarsa maki ɗaya. Idan ƙwallon ta faɗi inda masu tsaron fili ba su kama ta ba, kuma ya riga ta isa tasha, bugunsa ya shiga. Idan ta tsallake katanga, hom-ran ke nan. Idan mai jifa ya samu jifa uku masu kyau a kan mai bugu, an sallami mai bugun. Idan kuma jifan ya kauce sau huɗu, mai bugu ya wuce tashar farko kyauta. Ƙungiyoyi 30 ne, kowace tana buga wasa 162 daga ƙarshen Maris zuwa ƙarshen Satumba. A gasar fantasi, mutum goma zuwa goma sha biyar ne suke raba 'yan wasan gaske a tsakaninsu, kuma abin da kowane ɗan wasa ya yi a fili shi ake tarawa ga wanda ya mallake shi.

Tsarin da ya fi shahara ya samo asali ne a 1980, lokacin da marubuci Daniel Okrent da abokansa suka kafa gasa a birnin Niyok, suka raɗa mata suna daga gidan abincin da suke haɗuwa, La Rotisserie Française. A ƙa'idar da ta kafu daga baya, kowa yana da dala 260 da zai sayi 'yan wasa 23 a gwanjo. Rukunan da suka zaɓa takwas ne, daga baya aka mayar da su goma: ga masu bugu, adadin bugun da ya shiga cikin kowane dubu, hom-ran, makin da mutum ya ci da ƙafarsa, makin da bugunsa ya shigar, da satar tasha, wato rugawa zuwa tasha ta gaba ba tare da jiran bugu ba, ga masu jifa, nasara, rufe wasa, wato kare ratar ƙungiya a ƙarshen wasa, yawan waɗanda aka sallama, makin da aka ci a kowane zango tara wanda ake kira ERA, da yawan mutanen da aka bari suka kai tasha a kowane zango wanda ake kira WHIP. Sun zaɓi waɗannan ne domin daga alƙaluman da jaridu ke bugawa ake iya lissafa su da fensir da takarda. A nan ne tushen matsalar yake. Kusan rabin rukunan, wato nasara da rufe wasa da makin ƙafa da makin shigarwa, sun dogara da abin da wasu mutane suka yi, ko da shawarar da koci ya yanke, gwargwadon yadda suka dogara da ɗan wasan da ake rubuta wa su.

A daidai wannan zamani wani ilimi yana tasowa a gefe. Bill James, wanda a lokacin yake gadin dare a wata masana'antar gwangwanin wake a Lawrence ta jihar Kansas, ya fara buga bincikensa da kuɗinsa a 1977, yana tambayar ko alƙaluman da aka gada suna auna abin da ake cewa suna aunawa. Amma girgizar da ta fi shafar masu fantasi ta zo ne daga Voros McCracken, wanda ya fara yaɗa bincikensa a 1999, ya fito da shi cikakke a shafin Baseball Prospectus a Janairun 2001. Ya nuna cewa da zarar sanda ta daki ƙwallo kuma ta tsaya cikin fili, ikon mai jifa a kan ko za ta shiga ko za a kama ta kaɗan ne ƙwarai. Kusan 300 cikin kowace 1,000 suna shiga, ko gwani ne ya jefa ko na baya-baya, kuma wanda ya fi kowa a wannan ma'auni bana yana iya komawa ƙasan jeri baɗi. Pedro Martínez, wanda ya sallami mutum 313 a 1999 da 284 a 2000, yana cikin waɗanda ƙwallo ta fi shiga a kansu a shekarar farko, a ta biyu kuma ya koma sahun gaba wajen hana ta. Jifansa bai canja ba. Abin da ya canja shi ne inda ƙwallon ta riƙa sauka da wanda ke tsaye a wurin. Wannan ma'auni, wato adadin da ke shiga cikin ƙwallayen da aka buga suka tsaya a fili, shi ake kira BABIP.

Daga nan ne Tom Tango ya tsara FIP, ma'aunin da ke ƙirga abin da ke hannun mai jifa kaɗai. Ana ninka hom-ran sau 13, a ninka tafiyar kyauta da jifan da ya sami jikin mai bugu sau 3, a cire sallama ninki 2, a raba da yawan zango, sannan a ƙara wani adadi da ya ɗan haura 3 domin sakamakon ya yi kama da ERA. Dave Studeman ya ƙara mataki da xFIP, wanda ya ɗauka cewa hatta yawan ƙwallon sama da ke tsallake katanga yana komawa matsakaici. Akwai kuma lissafin waɗanda suka kai tasha amma suka maƙale a can har zango ya ƙare, wanda matsakaicinsa ke wajen 72 cikin 100. Abin da ya ba waɗannan ma'aunai daraja shi ne an gwada su, an kuma ga cewa idan ana son sanin ERA ɗin mai jifa na baɗi, FIP ɗinsa na bana ya fi ERA ɗinsa na bana kusantar gaskiya. Wannan magana ce mai nauyi: sakamakon da ido ya gani ya gaza wani lissafi na gefe wajen hasashen kansa.

A 2015 aka girke na'urorin Statcast a dukkan filaye 30, a 2020 kuma aka koma kyamarorin Hawk-Eye, waɗanda masu kallon tanis suka sani. Yanzu ana sanin gudun kowace ƙwallo daga bakin sanda da kusurwar da ta tashi. Wadda ta kai gudun mil 95 a sa'a, kimanin kilomita 153, ana ƙirga ta a matsayin bugu mai ƙarfi. Wadda ta kai mil 98 kuma ta tashi tsakanin digiri 26 da 30 tana cikin ajin da aƙalla rabinsa ke shiga, kuma mafi yawansa nesa yake zuwa. A ɗauki mutum biyu a wasa ɗaya. Na farko ya sami ƙwallon a tsakiyar sanda, ta fita da ƙara a miƙe, mai tsaron tsakiyar fili bai ko ɗaga ƙafa ba ta faɗa cikin safar hannunsa. Na biyu jifa ya ruɗe shi, ƙwallon ta goga a bakin sanda, ta yi ɗan tsalle ta faɗi a bayan mai tsaron tasha ta biyu, inda mutum uku suka rugo babu wanda ya cim mata. A allon maki na farko ya fita, na biyu ya shiga. A lissafin xBA da xwOBA, waɗanda ke tambayar abin da irin wannan bugu ya saba haifarwa a dubban lokutan da aka yi shi, na farko ne ya yi aikin kirki.

Dalilin da ya sa wannan bambanci yake da muhimmanci shi ne yawan hayaniyar da ke cikin sakamako, kuma lissafinta ba shi da wuya. Mai bugun da ainihin gwanintarsa ita ce 280 cikin 1,000, wanda ake rubutawa .280, idan ya tsaya bugu sau 100, kimanin wata guda ke nan, sa'a kaɗai tana iya kai shi .325 ko ta sauke shi .235 ba tare da an ce wani abin mamaki ya faru ba, kuma kusan sau ɗaya cikin uku zai ma fita daga wannan iyaka. Ko a cikakkiyar kaka ta tsayuwa 550, kaucewar 19 cikin 1,000 sama ko ƙasa abu ne na yau da kullum. Russell Carleton ya binciki lokacin da kowane ma'auni ke fara faɗin gaskiya fiye da hayaniya, ya samu cewa yawan sallamar mai bugu yana fara nuna alkibla daga tsayuwa 60, tafiyar kyauta daga 120, amma adadin bugun da ya shiga yana bukatar fiye da 900, wato kusan kaka biyu. BABIP na mai jifa kuwa yana bukatar ƙwallo wajen 2,000, aikin shekara uku ko fiye. Ma'anar wannan ita ce wasu rukunan da ake cin gasar fantasi da su ba sa gama daidaita kafin kakar ta ƙare.

Saboda haka karin maganar nan ta Juma'ar da ake ganewa tun Laraba ba ta aiki a watan Afrilu na besbol, sai dai idan an san wace alama ake dubawa. Chris Shelton na Detroit Tigers ya buga hom-ran 9 a wasanni 13 na farkon 2006, masu fantasi suka yi rububinsa. Ya ƙare kakar da 16, kuma kafin shigowar Agusta an mayar da shi ƙaramar gasa. Marcell Ozuna na Atlanta Braves ya ƙare Afrilun 2023 yana kan .085, da yawa suka yar da shi, ya gama shekarar da hom-ran 40 da makin shigarwa 100. Alek Manoah na Toronto Blue Jays ya yi ERA 2.24 a 2022 alhali FIP ɗinsa ya haura 3, kuma masu bin alƙaluma sun yi gargaɗin cewa tsadarsa a gwanjon 2023 ta wuce kima. Ya ƙare 2023 da 5.87, bayan an sauke shi zuwa matakin ƙasa a watan Yuni. Adalci ne a lura cewa ma'aunan sun hango saukarsa zuwa mai jifa mai kyau na tsaka-tsaki. Rushewar da ta biyo baya, wadda ta fito daga ɓacewar saitinsa, babu lissafin da ya nuna ta.

Har zuwa nan alƙaluman zamani ne ke da rinjaye, kuma ina tare da su. Damuwata tana ga yadda ake amfani da su. Kuskuren da ya fi yawa shi ne ɗaukar ma'aunin tsammani a matsayin bashin da wasa zai biya. Za ka ji an ce wane sa'a ta guje shi wata biyu, don haka dole ta dawo masa da ninki. Sa'a kuwa ba adashe ba ce, da za a ce wanda bai kwasa a watan jiya ba shi ne mai kwasar watan gobe. Idan mai gwanintar .280 ya yi .220 a tsayuwa 200 na farko, abin da hankali zai sa rai a sauran 350 shi ne .280, wanda zai kai shi .258 a ƙarshen kaka. Bugu goma sha biyun da ya rasa sun tafi ke nan, kuma wanda ya riƙe shi tun Maris ya riga ya ɗauki asarar a allonsa. Wanda zai ci riba shi ne wanda ya karɓe shi a musaya a farkon Yuni da farashin mai .220. Haka kuma wanda ya fara da zafi fiye da gwanintarsa ba lallai ne ya yi sanyi don ramuwa ba. Zai dai koma matsayinsa, kuma abin da ya riga ya tara yana nan a asusun mai shi.

Kuskure na biyu ya fi wannan zurfi, domin ya shafi ainihin abin da ma'aunin yake aunawa. An gina xBA da xwOBA ne don su bayyana abin da ya riga ya faru, ta hanyar cire tasirin masu tsaron fili da girman fili. Ba a gina su a matsayin hasashe ba, ko da yake suna taimaka masa. Kuma akwai abin da da gangan ba sa dubawa: gefen da ƙwallon ta nufa. Isaac Paredes shi ne misalin da kowa ke kawowa. Ba ya cikin masu dukan ƙwallo da ƙarfi, amma yana tsayawa dab da faranti, wato tashar gida inda ake bugu, yana jiran jifan da ya matso jikinsa, ya juya kafaɗa da wuri ya ɗaga ƙwallon zuwa lungun hagu, inda katanga ta fi kusa. A 2023 ya buga hom-ran 31 ga Tampa Bay Rays, a filin da lungun hagunsa ke da nisan ƙafa 315, kimanin mita 96. Na'ura tana ganin ƙwallon da ta fita ba da wani gudu ba, ta ce yawancin irinta kama su ake yi, kuma gaskiya ta faɗa, domin yawancinsu tsakiyar fili suke zuwa inda katanga ke wajen ƙafa 400. Wanda ya riƙa sayar da Paredes bisa hujjar cewa sa'a ce ke ɗauke da shi ya yi ta asara. A tsakiyar 2024 aka mayar da shi Chicago Cubs, inda lungun hagu ke da ƙafa 355, ƙarfinsa ya ragu a fili. A Disambar shekarar aka miƙa shi ga Houston Astros, inda lungun ya sake komawa 315. Taswirar fili ta fi ma'aunin tsammani bayyana wannan ɗan wasa.

Masu jifa ma suna da irin nasu. Matt Cain na San Francisco Giants ya shafe shekaru ERA ɗinsa yana ƙasa da xFIP, kowace bazara ana cewa bana asirinsa zai tonu, alhali yana tilasta wa masu bugu ɗaga ƙwallo mara ƙarfi a filin da ke haɗiye bugun sama. Ricky Nolasco kishiyarsa ne: a 2009 ya sallami mutum 195 a zango 185, FIP ɗinsa 3.35, amma ERA ɗinsa 5.06. Masu alƙaluma suka yi ta sayensa shekara bayan shekara suna jiran gyaran da bai taɓa cika ba, ya rataye takalmi da ERA 4.56, domin waɗanda suka kai tasha a kansa sun riƙa isa gida fiye da yadda lissafi ya tanada. Binciken da ya biyo bayan na McCracken ma ya sassauta maganar: ikon mai jifa a kan ƙwallon da aka buga kaɗan ne, amma akwai shi, sai dai yana ɗaukar shekaru kafin ya bayyana. Matsayata a nan ita ce tazarar wata biyu sa'a ce har sai an tabbatar da akasin haka, tazarar shekara uku kuma, idan ana iya nuna dalilinta da yatsa a fili, ta zama halin ɗan wasan, kuma ma'aunin ne ya kamata ya sunkuya.

Akwai kuma lokacin da dokokin wasan kansu ke sauyawa a ƙarƙashin lissafi. Kafin 2023 ƙungiyoyi suna tara masu tsaro uku a gefen dama idan mai bugu da hagu ya tsaya, suna cinye ƙwallon da a da take shiga. Corey Seager na Texas Rangers ya yi .245 a 2022 duk da ƙarfin bugunsa, kuma ma'aunan tsammani sun nuna ya cancanci fiye da haka nesa ba kusa ba. Wannan tazara ba sa'a kaɗai ba ce. An san inda yake bugawa, an je an tare. Da aka haramta wannan tsari a 2023, aka wajabta mutum biyu a kowane gefen tasha ta biyu, ya yi .327. A shekarar ce kuma aka faɗaɗa tashoshi daga inci 15 zuwa 18, aka taƙaita yawan jifan da mai jifa zai yi don tsare mai shirin sata, sai satar tasha a gasar ta tashi daga 2,486 zuwa 3,503, Ronald Acuña Jr. ya haɗa hom-ran 41 da sata 73. Duk hasashen da aka gina a kan shekarun baya kaɗai ya kwana a baya, wanda kuma ya karanta dokar tun damina ya riga kowa.

Ɓangaren da nake ganin an fi yi wa riƙon sakainar kashi shi ne dama. Babu ma'aunin gwaninta da zai ba ɗan wasa abin da koci bai ba shi ba. Rufe wasa ana rubuta shi ne ga wanda aka ba zango na tara alhali ƙungiyarsa tana gaba da maki uku ko ƙasa, kuma sau da yawa wanda ya fi kowa iya jifa a benci yana aiki a zango na bakwai ko na takwas, inda babu abin da za a rubuta masa a wannan rukuni. Makin shigarwa yana bukatar mutane a tasha, don haka mai bugu na huɗu a ƙungiya mai ƙarfi yana samun dama fiye da wanda ya fi shi amma yake na bakwai a ƙungiya mai rauni. Esteury Ruiz na Oakland Athletics ya nuna fuska biyu na wannan al'amari. A 2023 ya yi sata 67 da hom-ran 5 kacal. A ma'aunan ƙimar gaske ɗan wasa ne mai rauni, a fantasi kuwa shi kaɗai yana iya ɗaga mutum a rukunin sata. Wanda ya raina shi saboda alƙaluman zamani ya rasa wannan riba. Amma a farkon Afrilun 2024 ƙungiyarsa ta sauke shi ƙaramar gasa, waɗanda suka saye shi da tsada suka tashi hannu rabbana. Raunin da ma'aunan suka nuna bai hana shi sata ba, amma shi ne ya raba shi da gurbinsa, domin ofisoshin ƙungiyoyi da waɗannan ma'aunai suke yanke hukunci. Ron Shandler, wanda ya fi kowa shigo da wannan ilimi cikin fantasi, ya daɗe yana koyar da cewa a sayi gwaninta, muƙami zai biyo ta. Gaskiya ne a tsawon lokaci, sai dai kakar wata shida ce, kuma wani koci yana iya riƙe ra'ayinsa har ta ƙare.

Tsarin gasar ma yana sauya nauyin kowane ɓangare. A tsarin Okrent ana tara alƙaluma na wata shida daga 'yan wasa fiye da ashirin, don haka sa'ar wannan tana goge rashin sa'ar wancan, gwaninta kuma ta samu sarari ta fito. A tsarin gaba-da-gaba, inda kowane mako mutum ke karawa da abokin hamayya ɗaya, ɗan wasa yana tsayawa bugu wajen sau 25 ne kawai, kuma ana yanke zakara a makonni biyu ko uku na Satumba, lokacin da wasu ƙungiyoyin gaske suka fara hutar da manyansu. A irin wannan gasa, wanda ya fi kowa tsara tawaga yana iya faɗuwa a mako guda ba tare da ya yi kuskure ko ɗaya ba, kuma tambayar wa zai yi jifa sau biyu a makon, ko wa zai je Coors Field na Denver inda tsayin mita 1,600 ke sa ƙwallo tafiya nesa, ta fi xwOBA amfani.

Masu buga Fantasy Premier League a Kano ko Zariya sun san ɗanɗanon wannan muhawara ta hanyar xG, ma'aunin ƙwallayen da ake tsammanin ci, inda ɗan gaba ke samun damarmaki masu kyau mako bayan mako amma raga ba ta motsi, kuma sun san cewa da zarar kowa ya ga alƙaluman, farashi ya riga ya tashi. Haka ya faru a besbol, kuma tun da daɗewa. A farkon shekarun 2000 wanda ya san BABIP yana iya yaudarar abokan gasarsa cikin sauƙi. Yau shafukan FanGraphs da Baseball Savant a buɗe suke ga kowa, kuma tsare-tsaren hasashe irin su PECOTA na Nate Silver, da ZiPS na Dan Szymborski, da Steamer, sun riga sun haɗiye waɗannan ma'aunai. Wanda ya ɗauki hasashen Steamer sannan ya ƙara wa ɗan wasa daraja saboda xwOBA ɗinsa ya ƙirga abu ɗaya sau biyu. Abin lura kuma shi ne Marcel, tsarin da Tango ya ƙirƙira don ya zama mafi sauƙi, wanda kawai yake auna shekara uku da nauyin 5 da 4 da 3, ya ja sakamakon zuwa matsakaici, ya gyara don shekarun haihuwa, yana biye da manyan tsare-tsaren kurkusa. Wannan yana nuna cewa akwai rufin da hasashe ba ya wucewa. Ribar da ta rage tana ga sabon labari da lissafin baya bai gani ba: mai jifan da gudun jifansa ya ƙaru da mil biyu a sansanin atisaye, ko wanda ya koyi sabon jifa, ko wanda aka ɗaga zuwa saman jerin masu bugu.

Blake Snell ya haɗa dukkan waɗannan wahalhalu a jikin mutum ɗaya. A 2023, yana San Diego Padres, ya ba da tafiyar kyauta 99, fiye da kowa a gasar, amma ya ƙare da ERA 2.25 da kyautar Cy Young, alhali FIP ɗinsa 3.44 ne, domin fiye da 86 cikin 100 na waɗanda suka kai tasha a kansa a can suka maƙale. Wani ɓangare na wannan gwaninta ce, tunda mai sallamar mutum 234 a zango 180 yana iya fitar da kansa daga rami. Wani ɓangaren kuma sa'a ce da ba za ta maimaitu ba. Masu lissafi suka ce a sa ran ERA da ya haura 3, kuma ya ƙare 2024 da 3.12, wato hasashen ya faɗi kusa ƙwarai. Amma hanyar da ya bi zuwa can ita ce ta yanke wa masu fantasi hukunci. Ya makara wajen sa hannu da San Francisco Giants har zuwa Maris, ya shiga kaka ba tare da cikakken atisaye ba, a wasanninsa shida na farko ERA ɗinsa ya kai 9.51, rauni ya kwantar da shi sau biyu. Daga Yuli ya dawo kamar wani mutum dabam, ranar 2 ga Agusta kuma ya gama wasa da Cincinnati Reds ba tare da bugu ko ɗaya ya shiga a kansa ba. Wanda ya saye shi da tsada a Maris ya haɗiyi munanan wasannin, idan kuma ya gaji ya sake shi a Yuni, wani ne ya kwashi watanni ukun da suka biyo baya kusan kyauta. Wanda ya daure ma zango 104 kawai ya samu a madadin 180, kuma alamar wannan ragi tana cikin labarin kwantiraginsa da tarihin rauninsa tun kafin a fara kaka, wuraren da FIP ba ya leƙawa.